Yadda Ake Shirya Hutun Ƙarshen Mako Tsakanin Legas da Bakin Tekun Badagry

Bahaushe ya san Ikko, wato Legas, tun kaka da kakanni. Shanu da raguna suna sauka a Agege, tumatir da albasa da attaruhu suna sauka a Mile 12, a Idi-Araba da Obalende kuwa da Hausa ake ciniki ana gaisawa. Duk da haka, akwai mutanenmu da yawa da suka shafe shekaru suna zirga-zirgar Legas ba su taɓa tsayawa a gaban teku ba. Sun san tasha, sun san kasuwa, sun san gosulo, amma ba su san abin da ya sa aka kafa garin a wurin ba, wato ruwa.

Daga safiyar Juma'a zuwa yammacin Lahadi ya isa mutum ya ga tsohon birni ya kuma ga teku, ya koma gida ya tashi aikinsa ranar Litinin. Sharaɗin guda ne: a Legas da agogo ake auna tafiya, ba da kilomita ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na 1: Zaɓi gaɓa guda, ka haƙura da ɗayar

Legas tana da bakin teku ta gabas da ta yamma. Ta gabas akwai Lekki, inda wuraren shaƙatawa na zamani suke, da gandun dajin Lekki Conservation Centre mai gadar igiya da ke ratsa saman bishiyoyi, tsawonta mita 401. Ta yamma akwai Badagry, tsohon gari mai tarihi, kimanin kilomita 60 daga tsakiyar birni, a kan hanyar iyakar Seme da Jamhuriyar Benin.

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya ce zai ga Lekki ya ga Badagry a mako guda, a cikin mota zai ƙare hutunsa, domin birnin gaba ɗaya yana kwance tsakaninsu. Idan kana tare da ƙananan yara ko tsofaffi da doguwar tafiya za ta wahalar, ka ɗauki Lekki. Idan kana son teku da tarihi tare, da gari mai sauƙin hayaniya, Badagry ce taka. Wannan jagora a kan Badagry ya tsaya.

Mataki na 2: Duba wata kafin ka duba tikiti

Daminar Legas ba irin ta Arewa ba ce. Ruwa yana tsananta daga Afrilu zuwa Yuli, ya fi ƙarfi a watan Yuni, ya ɗan ɗaga ƙafa a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan sa'a biyu ya isa ya cika tituna ya tsayar da motoci, teku kuma takan yi fushi a wannan lokaci. Daga Nuwamba zuwa Maris ne sararin sama ya fi buɗewa.

A cikin waɗannan watanni ma ka tsame rabin ƙarshe na Disamba. Lokacin ne 'yan ƙasar waje ke dawowa gida bukukuwa, kuɗin jirgi da na otal su yi sama, bakin teku ya cika maƙil. Haka kuma akwai gasar gudun fanfalaki ta Legas da aka saba yi a wata Asabar ta Fabrairu, wadda ake rufe manyan hanyoyi saboda ita. Nuwamba, ko tsakiyar Janairu, ko farkon Maris, su ne suka fi dacewa.

Mataki na 3: Tsara zuwa da dawowa

Daga Kano zuwa Legas ta mota kusan kilomita 1,000 ne, tafiyar yini da dare. Wanda zai bi hanya ya ƙara kwana biyu a lissafinsa, in ba haka ba gajiya kawai zai je ya kwaso. Ta jirgi kuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi ce daga Kano, kimanin sa'a ɗaya daga Abuja.

Ka nemi jirgin farko na safiyar Juma'a, ka kuma sayi tikitin dawowa na yammacin Lahadi tun a lokacin. Jirgin safe ya fi kiyaye lokaci, domin jinkiri yakan taru ne yayin da rana ke yi. Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja yana da tashoshin cikin gida guda biyu, MMA2 da GAT. Ka duba tikitinka ka san wacce jirginka zai tashi daga ciki, kada ranar Lahadi direba ya sauke ka a wadda ba ita ba.

In aiki bai bar ka ka taso ba sai yammacin Juma'a, shirin bai rushe ba. Ka ba birni safiyar Asabar, ka kama hanyar Badagry da zarar ka yi Azahar. Sai dai ka buga waya tukuna ka tabbatar wuraren da kake son gani a Badagry suna buɗewa ranar Lahadi.

Mataki na 4: Kama masauki biyu, ba ɗaya ba

Nan ne mutane suka fi yin asarar lokaci. Sai a kama ɗaki guda a cikin birni, a ce za a je Badagry a dawo a yini ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne a isa da rana tsaka, a zagaya a gurguje, a shiga gosulon yamma a dawo a galabaice. Ka kwana a birni daren Juma'a, ka kwana a Badagry daren Asabar.

Na daren Juma'a hanya biyu ce. Ko dai ka sauka a tsibiri, wajen Onikan ko Ikoyi ko Victoria Island, inda za ka kasance kusa da duk abin da za ka gani, sai dai ya fi tsada. Ko kuma ka gama zagayenka ka hau jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13 da aka fara ɗaukar fasinja a kai a Satumbar 2023, ka kwana a Festac ko Amuwo-Odofin. Wannan ya fi araha, kuma da safe kana bakin hanyar Badagry. Da katin Cowry ake biyan kuɗin jirgin, shi ne kuma ake amfani da shi a manyan motocin BRT, ana sayar da shi a tasha.

Kafin ka biya kowane ɗaki, ka yi tambaya uku: shin akwai wuta har safe, akwai ruwa a famfo, kuma akwai gidan rawa a ciki ko a maƙwabta? Daren Juma'a da na Asabar a wasu otal-otal kiɗa ba ya tsayawa sai asuba, mai iyali kuwa ba zai so haka ba.

Mataki na 5: Haɗa jaka da aljihu

Jaka guda ta goyo ko ƙaramar ta hannu ta isa, saboda za ka riƙa yawo da ita tsakanin masauki biyu. Abin da bai kamata ya ɓace a ciki ba:

Katin shaida. Hanyar Badagry hanyar iyaka ce, daga Agbara zuwa gaba akwai shingayen jami'an tsaro da na kwastan da na shige da fice da yawa. Katin ɗan ƙasa ko fasfo ko lasisin tuƙi yana gajarta magana.

Tufafi marasa nauyi. Zafin Legas mai gumi ne, shadda mai sitaci takan jiƙe kafin Azahar. Ka ajiye ta domin Juma'a, ka sa yadi mai shan iska a sauran kwanakin. Uwargida ta ɗauki hijabi mara nauyi da mayafi na canji, domin iskar teku tana da gishiri da danshi.

Silifas na roba, hula ko malafa, maganin sauro, ƙaramar darduma, buta ko gorar ruwa ta alwala, caja da fawa banki, da leda mai zif ta saka waya a cikin kwalekwale.

Kuɗi kuwa ka raba su. Otal da manyan shaguna suna karɓar kati ko tiransifa, amma mai kwalekwale da mai kwakwa da ɗan jagora sun fi son tsaba, kuma sabis yakan yi rauni a bakin ruwa. Ka nemi ƙananan takardu. Bayan ka gama lissafin jirgi da masauki da abinci da mota da kuɗin shiga, ka ware kashi ɗaya cikin biyar na jimlar ka ajiye daban, saboda kwanan dole in an soke jirgi.

Mataki na 6: Juma'a ta birni ce

Daga Ikeja ka kira mota ta manhaja, Bolt ko Uber ko inDrive, ka duba lambar mota ta dace da ta waya kafin ka shiga. Za ku bi gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990. Daga kanta za ka fara ganin ruwa da gidajen katako na Makoko a tsaye a cikinsa. Kada ka hau acaɓa a tsibiri ko a Ikeja: tun 2022 an haramta shi a waɗannan yankuna, kuma dokar ta haɗa da fasinja.

Ka fara da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Akwai sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda daga kudancin Kaduna aka fara tono su, da kayan tagulla na Benin. Akwai kuma baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsasai a jikinta har yau. Duk wanda ya taso da jin labarin Murtala a bakin iyayensa ya kamata ya tsaya gaban motar nan, ya kuma nuna wa 'ya'yansa. Tafiya kaɗan da ƙafa sai Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960.

Sallar Juma'a ka yi ta a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe gininsa na yanzu a 1988. Ka isa da wuri, domin a tsakiyar kasuwa yake kuma hanyoyin suna toshewa. Bayan an idar, ka taka zuwa titin Martins ka ga Masallacin Shitta-Bey, na 1894, wanda aka gina da salon da 'yantattun bayi suka dawo da shi daga Brazil. Ka riƙe wannan a ranka, gobe za ka ga ƙofar da aka fita da irin waɗannan mutane.

Kasuwar Balogun tana nan kewaye da masallatan. Ka ba ta sa'a guda kawai, wayarka a aljihun gaba, kada kuma ka yi sayayya mai nauyi da za ka yi dakonta har Badagry. Da La'asar ka huta a Freedom Park da ke Broad Street, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar lambu a 2010.

Da dare, in a tsibiri ka sauka, ka je Obalende cin tsire. Zaman Hausawa a wannan unguwa tsoho ne: yana da nasaba da rundunar Hausawa da Turawa suka kafa a Legas a 1863, wadda ake kira Hausawan Glover, kuma daga cikinta sojan Najeriya ya samo tushe. Ka kwanta da wuri.

Mataki na 7: Asabar, sammako zuwa Badagry

Da ka sallame Asuba ka fita. Hanyar tana bi ta Mile 2, Festac, Trade Fair, Iyana-Iba kusa da jami'ar LASU, Okokomaiko, Agbara, sannan Badagry. Da sassafe sa'a biyu na iya kai ka. Bayan ƙarfe tara, kasuwannin bakin hanya sun farka, sai ka ninka.

Mai iyali ya yi shatar mota tun daren Juma'a, a yi ciniki a gama, a kuma yi maganar dawowar Lahadi. Mai tafiya shi kaɗai zai samu motar haya a Mile 2. Ka hau a cikin tasha, ba a bakin titi ba, saboda 'yan wan-cans, ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji.

Da ka ajiye jaka, ka nufi titin Marina na Badagry, inda yawancin wuraren tarihi suke jere a bakin ruwa. 'Yan jagora za su tare ka. Ka zaɓi ɗaya, ku daidaita kuɗi da wuraren da zai kai ka kafin ku ɗaga ƙafa, ka tambaya ko kuɗin shiga da na kwalekwale suna ciki.

Ka bi su da wannan tsari. Da farko gidan tarihi na Badagry, a ginin 1863 da ya taɓa zama ofishin Di'o, domin ya ba ka labarin a dunƙule. Sai gidan iyalin Mobee, inda ake ajiye sarƙoƙi da mari na ainihi, kuma akan bar baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu. Sai gidan Seriki Williams Abass, wanda labarinsa ya fi kowanne nauyi: an kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Brazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Ɗakuna arba'in ne a gidan da ake tsare mutane kafin jirgi ya zo, ƙanana, da ɗan tagar iska a sama. Sai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake yi wa laƙabi da bene na farko a Najeriya, wato na irin ginin Turawa, domin Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ƙarnoni.

Bayan Azahar, in rana ta ɗan karya, ka tsallaka zuwa tsibirin Gberefu. Mintoci kaɗan ne a kwalekwale mai inji. Ka sa rigar kariya daga nutsewa, ka ɗaure ta sosai, ka ɗaure wa yara, kada ka hau jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. A can za ka taka kimanin kilomita biyu a yashi, ka wuce wata tsohuwar rijiya da ake cewa a nan ake shayar da bayi ruwa domin su manta gida, har ka fito gaban Tekun Atlantika, wurin da ake kira Point of No Return, inda ba a dawowa.

Wannan tafarki ba labarin wasu ba ne. A farkon ƙarni na 19, Hausawa da yawa da yaƙe-yaƙe suka jefa cikin bauta an gangaro da su ta ƙasar Yarabawa zuwa tashoshin wannan gaɓa, Legas da Badagry da Porto-Novo da Ouidah, aka tsallaka da su jihar Bahia ta Brazil. Tarihi ya rubuta yunƙurin tawayen Hausawa a can a 1807 da 1814, da babban boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador cikin watan Azumi, wanda yawancin masu yinsa Yarabawa ne amma da Hausawa a cikinsu. Hanyar ta kuma kai baƙi zuwa Arewa: daga Badagry Hugh Clapperton da Richard Lander suka tashi a Disambar 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a Sakkwato Clapperton ya mutu a 1827. Ka gaya wa yaranka gaskiya a wurin, har da cewa ba Turawa kaɗai suka yi cinikin ba, da hannun sarakuna da fatake na cikin ƙasa. Ka yi wa waɗanda suka bi ta nan addu'a. Ka tabbatar ka tsallako kafin Magariba, ba a hawa ruwa da duhu.

Mataki na 8: San teku kafin ka taɓa ta

Wanda ya iya iyo a Tiga ko a kogin Kaduna bai iya teku ba tukuna. Gaɓar Legas tana da igiyar ruwa mai ƙarfi, kuma ƙasan yana zurfafa farat ɗaya. Abin da ya fi kashe mutane shi ne ruwan komawa: ruwan da igiya ta turo gaɓa yana taruwa ya koma teku ta wata siririyar hanya da gudu, kamar yadda ruwan sama ke taruwa a unguwa ya fice ta kwalbati guda. Wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya, shi ya sa yake yaudarar baƙo.

Saboda haka kada ka wuce gwiwa. Kada ka ba teku baya domin ɗaukar hoto. Yaro ƙarami a riƙe hannunsa, ba a sa masa ido daga nesa ba. Babbar riga da dogon hijabi in sun jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa, don haka mai sanye da su ya tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Idan ƙaddara ta sa ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, in zai iya ya yi iyo a kaikaice har ya fita daga hanyar ruwan. Wanda ke tudu ya kira masunta ya jefa abin da ke tasowa, kada ya faɗa a yi asara biyu. Masuntan Egun, mutanen Badagry, sun san ruwansu. In sun ce yau ba a shiga, ba a shiga.

Abinci kuwa, Badagry garin kwakwa ne da kifi. Ka sha ruwan kwakwa da aka fasa a gabanka, ka ci kifin da ka ga an gasa da zafinsa. In kana shakkar nama, kifi ya raba gardama, ko ka tambayi inda Hausawa suke a kasuwar Agbalata.

Mataki na 9: Lahadi, teku da safe, hanya da rana

Safiyar Lahadi ce ta hutawa. Ka je Suntan Beach da ke hanyar Seme, ko bakin ruwan masaukinka, tun ƙarfe bakwai. A wannan lokaci yashi bai yi zafi ba, masu kiɗa da shaye-shaye ba su fito ba, iyali za su sake. Nan ne yara za su tsinci ƙwanso su ga masunta suna jan koma.

Ƙarfe goma sha ɗaya ka bar ruwa, ka yi wanka, ka kama hanya kafin sha biyu. Da safiyar Lahadi jama'a suna coci, tituna a buɗe suke. Daga ƙarfe biyu kowa ya fito. Ka lissafa baya daga lokacin jirginka: sa'a huɗu na hanya, sa'a ɗaya da rabi na filin jirgi. In jirgin ƙarfe shida ne, sha biyu da rabi ta same ka a mota. Direba zai zaɓa tsakanin bi ta Mile 2 zuwa Oshodi, ko yankewa a Iyana-Iba ta Igando; ku duba taswirar waya a Agbara kafin ku yanke shawara. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru, kuma akwai masallaci a filin jirgi, don haka salla ba za ta zama dalilin makara ba.

Tsarabar Badagry ba ta da nauyi: man kwakwa da busasshen kifi, a naɗe su da kyau a saka cikin jakar da za a auna. Kafin jirgi ya tashi, ka rubuta a waya ainihin abin da ka kashe da lokacin da kowace hanya ta ci, da lambar direba da ta ɗan jagoran da suka riƙe amana. Ɗan'uwan da zai biyo bayanka zai amfana da su, kai ma su za ka buɗe ranar da ka shirya zuwa ɓangaren Lekki.